Direban da Ya Shiga Tudu da Baya

An haifi Mansie Harcus ranar tara ga Maris, 1931, a wani ɗaki da ke saman rumbun kifi a tashar jiragen ruwa ta Kirkwall, babban garin wani tsibiri mai sanyi, taku arba'in daga ruwa. Duk wanda aka haifa daga lungun tsohon gidan waya zuwa teku ɗan Gangare ne, wanda aka haifa daga lungun zuwa sama ɗan Tudu ne. Mansie yakan ce da uwarsa ta ƙara yunƙuri ɗaya da a cikin teku ta haife shi, kuma duk garin babu wanda ya fi shi zama ɗan Gangare sai dai kifi.

Yana da shekara goma sha takwas ya fara shiga kokawar ƙwallo ta manya. Ranar Kirsimeti da ranar sabuwar shekara, da agogon babban coci ya buga ɗaya na rana, sai a wurga ƙwallon fata cikin taron ƙarti, su dunƙule a kansa, tururi na tashi daga jikinsu kamar an buɗe tukunyar dambu. 'Yan Tudu su tura sama zuwa bangonsu, 'yan Gangare su tura ƙasa sai ƙwallo ya faɗa teku. Ba alƙali, ba lokacin tashi. Shekara talatin Mansie ya yi a cikin wannan dunƙule, bai yi fashi ba sai sau ɗaya da shawara ta kwantar da shi. Ya bar haƙora uku a kan titi, ya karya haƙarƙari biyar, an kuma yage masa rabin kunnen hagu daidai ƙofar wani kantin magani, abin da ya ce ya zo da sauƙi tunda ba a yi nisa wajen neman bandeji ba. Matarsa Netta takan ce tunda ta yi aure ba ta taɓa cin abincin Kirsimeti da cikakken miji ba.

Duk da haka bai taɓa zuwa gida da ƙwallo ba. In ɓangare ya ci, sai su juya kan junansu a kan wanda zai tafi da shi ya rataye a tagar gidansa, kuma galibi tsohon hannu ake bai wa. A 1971 layi ya zo kan Mansie. Ƙwallo ya faɗa ruwa, ƙarti suka bi shi tsundum, ana ihun sunansa, shi ma ya faɗa. A nan gari ya gano cewa babban ɗan Gangare bai iya ruwa ba. Kafin a maƙalo shi da ƙugiyar kwalekwale, an riga an ɗaga wani a kafaɗa. Bayan shekara bakwai gwiwa ta hana shi, ya koma gefe yana zagi.

Amma yana da wata hanyar yi wa Gangare aiki, domin shi direban tasi ne. Baƙo, ko jaririn da aka haifa a wani gari, hanyar da ya fara shigowa ita ke yanke masa ɓangare har ya mutu. Titin filin jirgin sama ta Tudu yake faɗa wa gari, sai dai mil guda kafin a iso akwai wata tsohuwar hanya da ke ratse shi ta bi gefen gonaki, har ta kai wata mararraba a bayan gidajen ƙarshe na Tudu. In ka yi hagu ka shiga Tudu, in ka yi dama ka zagaya ka sauka bakin teku. Mansie yana da wani allo mai jan rubutu, AN RUFE HANYA, wanda ya tsinta wajen masu gyaran titi a 1966, ya kuma manta bai mayar ba. In zai je ɗaukar fasinja sai ya kafa shi a kan babban titi daidai bakin tsohuwar hanyar, in sun dawo ya yi tsaki, ya zagi masu aikin titi, ya karya sitiyari.

Da wannan allon ya shigo da jarirai talatin da bakwai, malaman makaranta huɗu, likitan haƙori ɗaya, da fasto ɗaya. Faston ya yi wata bakwai yana yi wa 'yan Tudu wa'azi kafin a sanar da shi cewa shi ɗan Gangare ne. Dattawan cocin nan suka ce ai tun farko sun ji addu'arsa ba ta tashi sama yadda ya kamata.

Allah bai ba Mansie ɗa namiji ba. 'Ya'yansa mata uku, biyu sun yi aure a ƙetare, ta ukun, Inga, ta rasa wanda za ta so duk faɗin tsibirin sai Erlend Drever, kafinta, ɗan Tudu jikan ɗan Tudu. Ranar biki Mansie ya riƙe hannun ango ya matse har ya yi ƙara, ya ce masa a kunne, "'Ya na ba ka, yaro. Ban ba ka jika ba."

A watan Disamba na 1987 cikin Inga ya tsufa, ɗa ya kwanta a gicciye, aka ɗauke ta a jirgi zuwa babban asibiti a Aberdeen. Ranar sha biyar aka yi mata tiyata, aka ciro namiji, aka sa masa Sigurd. Da labari ya iso, Mansie ya zauna a kan matakalar gidansa ya yi kuka. Da ya share hawaye kuma sai ya tuna cewa yaron a wani gari aka haife shi, ba shi da ɓangare tukuna. Ya tashi ya buɗe but ɗin mota ya duba allonsa.

An sa ranar dawowa ashirin da huɗu, jajibirin Kirsimeti. Wannan kuwa rana ce da kafinta ba ya ko sosa kai, don a ranar ake kafe katakai masu kauri a ƙofofi da tagogin da dunƙule zai bi ta gabansu. Erlend, wanda ya riga ya dawo daga Aberdeen, yana da ƙofa goma sha tara da zai kafe. Inga ta ce ta waya babu wanda zai ɗauko ta sai babanta. Erlend ya zo gidan surukinsa da guduma a hannu.

"Baba, ka san abin da ya kawo ni."

"In bashin suga ne, Netta na ciki."

"Titi za ka bi. Babban titi, miƙe."

"Shekara nawa kake da ita da za ka koya mini titi? Ina tuƙi a garin nan kana tsotson yatsa."

"Shi ya sa. Inna za ta raka ka."

Mansie ya ji kamar an sake karya masa haƙarƙari. Bella Drever, uwar Erlend, gwauruwa ce mai jiki, mijinta ya ci ƙwallo a 1958, kuma har yau ƙwallon yana rataye a tagarta, tana goge shi da man takalmi kowace Asabar. Ba ta rabuwa da wata baƙar jakar fata da babu wanda ya san abin da ke ciki, sai dai waɗanda aka maka wa ita sun ce akwai ƙarfe.

Tun da sassafe Mansie ya je ya ɓoye allon a bayan katangar dutse a bakin tsohuwar hanya. Ƙarfe goma sha biyu ya ɗauki Bella. Ta cika kujerar gaba, ta ɗora jaka a cinya, ta shinshina.

"Motar nan warin kifi take yi."

"Ba ta yi sai da kika shigo, surukata."

"Ja mu je, mai rabin kunne. Idona na kanka."

An yi dusar ƙanƙara cikin dare, ta narke, ta sake daskarewa, titi na sheƙi. Da suka wuce bakin tsohuwar hanya da kamar taku hamsin, Mansie ya taka birki ya dafe mara.

"Lafiya?" in ji Bella.

"Fitsari. Tsufa ne, kin fi ni sani."

"Allah ya sawwaƙe. Jeka can nesa, kada iska ta kawo mini."

Ta juya fuska wajen gonaki ta rufe ido, don ita mace ce mai kamun kai. Mansie ya koma da sauri, ya ciro allo ya kafa a tsakiyar titi, ya dawo yana gyara wando. Daga baya aka ji cewa motar madara da motar gidan waya da wani mai keke duk sun zagaya ta bakin teku a ranar, suna zagin masu aikin titi.

Jirgi ya sauka ɗaya da minti goma. Inga ta fito tana takawa a hankali, ta rame, hannu ɗaya a kan ɗinki, wata ma'aikaciya na biye da ita da jariri cikin farin bargo. Mansie ya leƙa fuskar yaron ya ce hancinsu ne. Bella ta ce hancin Drever ne, na Harcus ai kamar dankali yake. Inga ta ce, "Don Allah ku kai ni gida. Kwana tara ban yi barcin kirki ba."

Suka kamo hanya, iska ta taso daga arewa tana watso ruwa da ƙanƙara. Da allo ya bayyana, Mansie ya yi dogon tsaki.

"Kun gani ko? Mutanen nan ba sa tsoron Allah. Jajibirin Kirsimeti ma sai sun haƙa titi."

Ya karya sitiyari ya shiga tsohuwar hanya. Bella ta waiwaya ta bi allon da kallo har ya ɓace.

"Mansie."

"Na'am, surukata."

"Ɗazu da muka wuce babu allon nan."

"Aikin gaggawa ne."

"Ba shi ne allon ranar fasto ba? Har da tsagar nan a kusurwa?"

"Alluna ai duk kamarsu ɗaya."

"Fitsari! Ni za ka yi wa fitsari? Tsohon banza, ɓarawon jarirai! Juya motar nan!"

"Hanyar ta yi ƙunci, ba wurin juyawa."

Daga kujerar baya Inga ta ce, "Baba, ka yi mini alkawari."

"Na yi alkawarin kai ki gida, 'yata, kuma gida za ni. Minti goma ne kawai ƙari. Yaro zai ga teku, ya sha iska."

Jaka ta sauka a kafaɗarsa, ta sake sauka a kan kunnen mai lafiya. Mansie ya duƙar da kai kamar yadda ya saba a cikin dunƙule, ya ƙara wuta. Mararraba ta taho. Bella ta san hagu Tudu ne, dama kuwa in aka bi an gama. Ya fara karkata dama, ita kuma ta kama birkin hannu da hannu biyu ta fizge shi har ƙarshe.

Motar ta yi juyi ɗaya da rabi a kan ƙanƙara, a hankali, kamar mai rawa, sannan ta zauna da gindi cikin ramin gefen hanya, ta jingina da katanga. Gilashin baya ya tarwatse. Inji ya mutu, hita ta mutu tare da shi.

Babu wanda ya ji ciwo. Jariri na ƙirjin uwarsa yana tsala kuka. Sai dai ƙofar Bella ta manne da katanga, ita kuma ba mai iya haurawa ta kujerar direba ba ce, Inga kuwa da ɗinkin kwana tara ba za ta iya hawowa daga rami ba. Mansie ya murza makulli sau shida, ko tari motar ba ta yi ba. Iska na shigowa ta baya tana zuba musu ƙanƙara a wuya, duhu ya fara sauka tun uku ba ta yi ba, kuma a wannan hanya ana iya yini ba a ga mota ba.

"Ke kika ja birki," in ji Mansie.

"Kai ka saci hanya."

"Da kin bar ni da yanzu muna..."

"Ku yi mini shiru!" Inga ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba sai ranar. Haƙoranta na kaɗawa. Ta naɗe yaron da bargo, ta cire gyalenta na ulu ta ƙara masa, ta miƙa. "Baba, karɓe shi. Sa shi cikin kwat ɗinka, ka kai shi inda akwai wuta, ka turo mana mutane. Maza."

Mansie ya fito ya tsaya a mararraba da jikansa a ƙirji, ya rufe maɓallai har wuya. A hagu ga fitilar gidan farko na Tudu nan, hayaƙi na tashi daga bututunsa. Daga baya ya auna, taku ɗari biyu da sittin da uku ne. A dama babu komai sai katanga da tumaki, gidan farko na Gangare yana can taku dubu biyu da ɗari tara, gaba da iska.

Bella ta leƙo ta tagar direba. "Ga gidan Dod Baikie can! Me kake tsayawa kallo?"

Dod Baikie ne ya yage masa kunne.

Mansie ya yi dama. Ya ce wa kansa gangara ce, in ya sa ƙafa minti ashirin ya isa, yaro kuma yana da ɗumi, ga shi yana kuka da ƙarfi, alamar jinin Harcus. Yana jin Bella na tsine masa har kakanni, yana jin Inga na kiran "Baba! Baba!" ya ƙi waiwayawa. Ya yi taku tamanin. Gwiwar nan ta fara magana, ƙanƙara na dukan fuskarsa, ya zame sau ɗaya ya dafa katanga.

Sai kukan ya tsaya.

Ya ƙara taku biyu yana sauraro. Shiru. Ya juya wa iska baya, ya buɗe maɓalli ɗaya da yatsun da ba ya ji, ya leƙa. Yaron ya yi lamo, ido rufe, leɓe ba irin launin ɗazu ba. Mansie ya taɓa kumatunsa, ya kasa gane ko sanyin na yaron ne ko na hannunsa.

"Kai, Sigurd. Kai, ɗan nema, yi kuka mana."

Yaron ya ɗan motsa baki, bai yi ƙara ba.

Mutumin da likita ya ce ba zai ƙara gudu ba ya juya ya zuba da gudu. Ya wuce motar bai ko dubi matan ba, ya bi hagu, yana haki yana kiran sunan Allah da na masu aikin titi a haɗe. Sai da ya iso ƙofar shingen Dod, inda gidajen Tudu suka fara, sannan wani abu ya faɗo masa a rai. Ya juya, ya fuskanci teku, ya tura ƙofar shingen da ɗuwawu, ya bi tsakar gidan da baya-baya da sauri, ya buga ƙofar ɗaki da diddige.

Dod ya buɗe da cokali a hannu, ya ga ƙeyar mutum da rabin kunne.

"Harcus? Me kake yi a ƙofata da gindi gaba?"

"Matsa, manomin banza. Jariri ne. Ina murhu?"

Haka ya shige har kicin, da baya, ya ture kujera ɗaya. Matar Dod ta karɓe yaron, ta zauna gaban wuta, ta kwance shi tana murza masa ƙafafu. Ba a yi minti biyu ba ya saki wata ƙara da ta sa kare ya fice. Mansie ya zube a ƙasa. Dod ya tayar da tarakta ya je ya kwaso matan, Bella sai da aka cire kujera kafin ta fito. Likitan da aka kira ya ce yaro lafiyarsa ƙalau, amma da an ƙara rabin sa'a a waje da magana ta canza, kuma yana so ya san wane mai hankali ne ya bi tsohuwar hanya a irin wannan rana. Inga ta yi wata biyu ba ta yi wa ubanta magana ba.

Dod ya zuba wa Mansie giyar wiski, ya jira ya shanye, sannan ya ce, "To, mun gode. Shekara ashirin kana sace mana yara, yau ka kawo mana naka da ƙafarka."

"Bai shigo ba," in ji Mansie. "Ni na shigo. Shi teku yake kallo. Ka gani da idonka."

"A cikin kwat yake, me zai kalla? Gashin ƙirjinka?"

Washegari kafin a wurga ƙwallo labari ya gama gari. Mansie ya bi dattawan ɓangarorin biyu ɗaya bayan ɗaya yana kafa hujja cewa fuska ake dubawa ba ƙafa ba. 'Yan Tudu suka yi dariya har da riƙe ciki. 'Yan Gangare suka so su goya masa baya, amma wani tsohon masunci ya ce in aka karɓi wannan, gobe kowane ɗan Tudu zai shigo musu da jarirai a juye. Aka bar Sigurd Drever a Tudu. Yara suka riƙa bin tasin Mansie suna tafiya da baya, har ya daina kula su.

Sigurd ya tashi ƙato, mai faɗin kafaɗa. Yana da shekara tara ya fara shiga kokawar yara da ake yi da safe, kuma tun ranar farko aka ga ba ya turi da ƙirji kamar sauran. Juyawa yake yi, ya kafa diddige a ƙasa, ya sa baya, dunƙule ya yi ta matsawa sama. Mansie, da sandarsa, yana tsaye cikin tsofaffin Gangare a bakin katangar coci, yana kallon jikansa na tura su Tudu taku bayan taku. Yakan zagi yaran Gangare, ya ce musu ragwaye, 'ya'yan madara. In ya gaji sai ya zunguri na kusa da shi da gwiwar hannu.

"Ka ga wancan mai jar hula? Dubi inda fuskarsa take. Teku yake kallo. Namu ne, aro suka yi."

Ya rasu a watan Oktoba na 2003, yana da shekara saba'in da biyu. Cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa akwai Sigurd, kuma maƙabartar tana can sama da gari, sai an ratsa Tudu. Da suka iso lungun tsohon gidan waya, yaron ya tsayar da sauran, ya sa aka juya akwatin, don kakansa ya shiga Tudu da baya, yana fuskantar teku.